Dalma a Tandun Inna

Tun daga yadda Lukuman ya jingine mashin ɗinsa a ƙofar gidanmu na san babu lafiya. Mutumin da in ya taso daga makarantar da yake koyarwa a Tsafe sai ya gyara zaman hula sau uku kafin ya yi sallama, yau ko madubin mashin bai kalla ba.

Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo ruwa. Bai sha ba.

"Inna ta yi rantsuwa," ya ce.

"A kan me?"

"A kanki, Suwaiba. Ta ce muddin tana numfashi ba za a sa ranar aurenmu ba, sai kin je Rawayya kin janye maganarki a gaban mata."

Gabana ya faɗi, amma ni irin mutanen nan ce da in tsoro ya kama su sai bakinsu ya ƙara kaifi.

"In janye in ce me? In ce ƙarya na yi?"

Ya sunkuyar da kai.

Bari in ba ku labarin yadda aka yi, kada ku ɗauka haka kawai na tashi na yi wa uwar mutum rashin kunya.

Ni haifaffiyar Sabon Garin Gusau ce, teku a kalanda na fara ganinta. Ina firamare aka yi masifar gubar dalma da ta kwashe yara a wajajen Anka da Bukkuyum, kuma tun daga lokacin na ƙulla a raina sai na san abin da ke cikin ƙasa da ruwa. Na karanta kimiyyar sinadarai, na yi digiri na biyu. Sai Allah ya sa aka ɗauke ni a wani jirgin ruwa na bincike, masana daga ƙasashe goma sha huɗu, wata biyu a Tekun Atlantika. Aikinmu auna ƙarfe da tutiya da tagulla da dalma a cikin ruwan teku, tun daga sama har can ƙasa inda haske ba ya kaiwa.

Abin da ake nema ɗan mitsitsi ne. Ku ɗauka an narkar da ƙarfe kamar ƙwayar gero guda a ruwan motar tanka ɗari. Amma wannan ɗan ƙarfen shi ke raya ƙananan tsirran da kifi ke ci, in babu shi teku ta zama fayau. Ita kuwa dalma, hayaƙin tsohon fetur ne ya zuba ta a teku, ana bin sawunta a ga yadda take raguwa tun da aka daina sa ta a mai.

To abu mai ƙanƙanta haka, ai kun san ba ya son ƙazanta ko ta ƙwayar zarra. Kwalaben da ake ɗebo ruwan da su na roba ne, ana jiƙa su a ruwan asid mako da makonni. Igiyar da ake zura su da ita babu ƙarfe a jikinta. Mu kanmu sai mun shiga farar riga daga kai har ƙafa, ido kaɗai ke waje. Babu zobe, babu 'yan kunne, babu hoda, babu janbaki.

Aka kai mu Afirka ta Kudu horon wata guda. Jarrabawar ɗaya ce: a ba ka tataccen ruwa da babu komai a cikinsa, ka juye shi daga kwalba zuwa kwalba yadda za ka yi wa ruwan teku, sannan a auna. In an ga ƙarfe a ciki, daga jikinka ya fito.

Kowa ya wuce. Ni sau uku ana samun dalma a nawa.

Wallahi na yi kuka har na gode Allah. Na yanke farce, na canza sabulu, na daina ko shafa mai. Farfesar da ke shugabantar mu, wata dattijuwa marar son wasa, ta kira ni ofis don ta sallame ni. Tana cikin magana sai ta tsaya, ta tsura mini ido.

"Mene ne wannan baƙin a idonki?"

"Kwalli ne."

"Ban ce ban da kayan shafa ba?"

"Ai wannan ba kayan shafa ba ne," na ce da ita, har da ɗan fushina. "Maganin ido ne."

Ku ji fa. Ni mai digiri biyu a kan sinadarai. Na cire zobe, na cire 'yan kunne, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa kwalli wani abu ne da ake cirewa. Tun ina kwana bakwai a duniya ake sa mini shi.

Kuma ba kowane kwalli ba ne. Ranar da Lukuman ya fara kai ni gaida mahaifiyarsa, Inna Ladidi, ita da hannunta ta tallabo haɓata ta rangaɗa mini, ta ce yanzu na zama ɗiyarta. Ta ba ni tandu guda cike. Shekara arba'in tana dakan kwalli, daga Rawayya har Bungudu babu amarya ko mai jego da ba ta san na Inna ba. Kullum da safe a ƙasar mutane sai na sa shi, saboda in na sa sai in ji kamar ina gida.

Aka auna garin da ke cikin tandun. Takardar sakamakon ta nuna fiye da rabinsa dalma ce.

Na daina sawa, bayan mako biyu na sake jarrabawa na wuce tas. Na dawo Gusau da saura mako uku jirgi ya tashi, da niyyar a sa rana kafin in tafi. Mutum ɗaya na gaya wa, Lukuman, na ce ya ja ƙanwarsa Wasila gefe, tunda ta zo gida haihuwar fari, ya ce kada a sa wa jariri. Wasila ta gaya wa maƙwabciya. Kafin maganar ta zagayo kunnen Inna ta zama wai na ce tana kashe 'ya'yan mutane.

Wannan shi ne abin da ya zaunar da Lukuman a zaurenmu ya kasa shan ruwa.

"Kalma ɗaya ce," ya ce. "Ki ce na'urar ce ta yi kuskure. In aka ɗaura aure, ni da ke sai mu lallaɓa ta a hankali."

"Yaya Lukuman, kai ma ka ga takardar."

"Na gani."

"Ka yarda da ita?"

"Na yarda. Amma Suwaiba, da kwallin nan ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. Da shi na yi makaranta. Yanzu mata sun fara wuce ƙofarta ba su shiga. Kin san kwana biyu ke nan ba ta sa komai a bakinta ba?"

Hawaye suka zubo mini. Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba. Shekara huɗu yana jirana ina karatu, bai taɓa ce mini ya gaji ba. Da zancen jirgi ya taso shi ya fara cewa in tafi, shi ya kai ni Kano na yi fasfo.

"In na ce ƙarya ce, gobe su koma su saya su sa wa jarirai," na ce. "Wa zai ɗauki alhakin?"

"In kin ƙi kuma ni fa? Ni wa zai ɗauki nawa?"

Kowannenmu ya share ido. Daga ƙarshe na ce zan je. Dama Wasila ta haihu mace, Asabar suna, ranar zan je. Ban ce masa zan janye ba, shi ma bai tambaya ba, don yana tsoron amsar.

Ina shiga gida na tarar labari ya riga ni. Kawu Mahadi, yayan Mamana, wanda shi ke tsaye a kanmu tun da Babanmu ya rasu, yana zaune a kan kujera yana kaɗa ƙafa.

"Kin ga abin da bokon ga ya ja mana ko? Yarinya ƙarama ki tashi ki ce abin da anka gada kaka da kakanni guba ne? Kwallin da addini ya yaba?"

Na durƙusa. "Kawu, ban ce sa kwalli laifi ba ne. Akwai mai kyau. Dutsen da Inna ke dakawa shi aka auna, shi na yi magana a kai."

"Ruwan teku anka aike ki aunawa ko idon mutane?"

Mama ta ce, "Suwaiba, don Allah ki rufa mana asiri. Ki je ki ba ta haƙuri, ki faɗi abin da take son ji. Wace mace ce ba ta haɗiye magana a gidan miji ba?"

"Ko kuma a huta gaba ɗaya," in ji Kawu. "Ga ɗan'uwanki Bashar nan, shekara nawa yana bin ki."

Dama na san nan za a zo. Bashar ɗan Kawu ne, yana da shagon kayan gini a kasuwa, kuma tun da ya sayi mota ya ɗauka duk macen da ta gan shi sai ta yi tuntuɓe. Washegari kuwa sai ga shi, turare ya riga shi shigowa zaure.

"Ƙanwata, na ji abin da mutanen ƙauye suka yi miki. Ni tawa uwar ba ta dakan kwalli, kin ga babu rigima."

"Allah sarki. Jirgin fa?"

Ya yi dariya. "Haba, wane jirgi kuma? Matata a tsakiyar ruwa wata biyu da ƙartin duniya? Ai in buɗe miki kemis a nan bakin titi, ki yi ta aune-aunenki."

"To Yaya Bashar, ka gaida gida."

Na bar shi zaune da makullin motarsa a hannu.

Ranar Asabar da hantsi na hau mota zuwa Bungudu, daga nan na hau mashin zuwa Rawayya. An riga an raɗa suna, maza na waje a kan tabarmi, ana fiɗar rago. Na hango Lukuman a cikinsu, ya ɗago ya dube ni da idon roƙo. Na kau da kai na shige.

Tsakar gida cike da mata. Ina yin sallama hira ta mutu. Wata tsohuwa ta ce a hankali, amma yadda zan ji, "Ga ta nan, 'yar teku."

Inna na ɗakin mai jego, zaune a bakin gado. Ta rame. Idanunta sun sha kwalli fiye da kullum, da gani da gangan ta yi. Wasila na kwance daga ciki, dattawan mata huɗu na zaune a ƙasa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa.

"Ba ta ɗiyar ta gani," ta ce.

Aka miƙo mini jaririyar a cikin zani. 'Yar fara sol, tana barci, idanunta wasai babu komai. Ashe Wasila ta yi ta kawo uzuri kwana bakwai don kada a sa mata kwalli.

Inna ta zaro tandu daga ƙugunta ta ajiye a cinya.

"Suwaiba, ni na ce ke ɗiyata ce, ko ba ni ba?"

"Ke ce, Inna."

"To mi na yi maki? Kin tahi ƙasar da ban san sunanta ba, kin kai masu kwallina sun sa a inji. Mutanen da sunka bar ƙasarsu sunka tahi neman ƙarfe a cikin ruwa, su za su gaya mani sana'ata?"

"Inna, ba kai musu na yi ba. Sawa nake yi kullum saboda ke kika ba ni. Shi ya kusa sa a kore ni."

"Shekara arba'in. Duk matan ga da kike gani, ni na sa ma ɗiyansu. Ga su nan sun girma sun yi aure."

"Da yawa sun girma, Inna. Dalma ba kowa take kayarwa ba. Wani sai dai ta rage masa kaifin kai, ba wanda zai sani. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, a nan take shiga."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ja tsaki. Inna ta ɗaga mata hannu. Ta juyo ta dube ni.

"Ina da ɗiya, Hasana, mai bi ma Lukuman. Ta fi duk ɗiyana kyawun ido. Safe da yamma nike sa mata. Tana shekara biyu jijjiga ta kama ta, kwana ukku ta tahi. Tun da maganarki ta iso ban runtsa ba. Ki dube ni ki gaya mani. Ni na kashe ta?"

Lukuman bai taɓa ba ni labarin Hasana ba. Sai a lokacin na gane ba ciniki ne ya hana Inna cin abinci ba, kuma tausayinta ya kama ni.

Da na ce a'a, da shi ke nan. Da ta rungume ni, da an sa rana kafin la'asar.

"Inna, Allah ne ya san abin da ya ɗauki Hasana," na ce ina kuka. "Zazzaɓi ma yana kawo jijjiga. Ba zan ce kwalli ne ba, don ban sani ba. Kuma ko shi ne, ba ki da laifi, abin da kika sani alheri ne kika yi mata."

"To ki ce ba shi ba ne."

"Shi ma ban sani ba, Inna."

Ta rufe ido. Da ta buɗe, fuskarta ta koma kamar ba ita ta yi maganar ba.

"Na ji. Na yafe maki janyewar. Ba sai kin ce komi ba a gaban kowa." Ta buɗe tandun, ta tsoma tsinken kwalli a ciki. "Miƙo mani jikata in sa mata, kina zaune kina kallo. Wanga kaɗai ya ishe ni. Gobe in aika a sa rana."

Na dubi jaririyar. Na dubi Wasila, ta juya fuska bango tana kuka marar sauti. Ba 'yata ba ce, ba gidanmu ba ne, kuma ba ni da hurumin komai a ɗakin nan. Duk na san wannan.

Na ƙara ƙanƙame ta.

"Ki gafarce ni, Inna. Ni dai ba da hannuna ba."

Salati ya tashi a ɗakin. Wata ta ce a ƙwace, wata ta ce dama an faɗa, idon yarinyar nan a tsaye yake. Inna ba ta ɗaga murya ba.

"A kira mani Lukuman."

Ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa, hannunsa da jinin rago bai gama wankewa ba. Kallo ɗaya ya yi mana ya gane komai.

"Karɓo ɗiyar ga daga hannunta ka ba ni."

"Inna, don girman Allah..."

"Ban taɓa roƙonka komi ba tun da na haife ka. Yau na roƙe ka."

Ya taso ya tsaya a kaina. Hawaye na bin gemunsa. Na ɗaga kai na dube shi, na ce a hankali, "Ka ga takardar, Yaya Lukuman. Kai ka ce ka yarda."

"Na sani."

"To kada ka karɓa."

Ya goge hannunsa a jikin riga. Ya sunkuyo ya zura hannu ƙarƙashin zanin. Da zan iya riƙewa, amma ba a jayayya da jariri a tsakani, sai na saki.

Ya tsaya da ita a hannu. Na ƙirga numfashinsa, ɗaya, biyu, uku, ina addu'a ya nufi ƙofa, ko ya miƙa wa Wasila.

Ya juya ya ɗora ta a cinyar Inna.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kukan ya ɗauke mini ƙaf. Na gyara mayafina, na durƙusa a gaban Inna yadda na yi da na shigo.

"Inna, ba sai kin hana ba, kada rantsuwarki ta dame ki. Ni na fasa."

Na ratsa matan tsakar gida, babu wadda ta tare ni. Ina kaiwa zaure na ji takunsa a bayana.

"Suwaiba, tsaya. Uwata ce. Me kike so in yi? Uwata ce."

"Na sani. Ban ce ka ƙi ta ba."

"Sau ɗaya ne kawai. Sau ɗaya ba zai yi mata komai ba, ke ma kin sani."

"Wannan wataƙila. Namu fa? In na haifa maka, ranar suna ta ce ka miƙo, ya za ka yi?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Na jira shi, Allah ya sani na jira shi, don ko ƙarya ya yi mini a lokacin da na karɓa.

Daga cikin gida jaririyar ta tsala kuka. Ya waiwaya wajen kukan, ya sake waiwayowa wajena, ya kasa ɗaga ƙafa zuwa ko'ina.

"Jirginmu ran sha biyu ga wata zai tashi," na ce. "Kada ka zo rakiya."

Na sa takalmina na fita.